Ciwon Nacin Tunani da Abin da Yake Faruwa a Cikin Ƙwaƙwalwa

Manufar Darasi

Manufar wannan darasi ita ce iyali su san abin da yake faruwa a cikin ƙwaƙwalwar mai fama da ciwon da likitoci suke kira OCD, wato ciwon nacin tunani da maimaita aiki ala tilas, domin su daina ɗora masa laifin da ba nasa ba, su kuma iya bambanta taimakon da yake rage ciwon da wanda yake ƙara masa ƙarfi.

Gabatarwa

A ɗauki misalin wani gida. Dare ya yi, an gama addu'ar iyali, kowa ya nufi makwancinsa. Saurayin gidan mai shekara 17 shi ne mai kulle ƙofar waje. Ya sa sakata, ya danna kwaɗo, ya ja ya ji ya kama. Bai kai bakin ɗakinsa ba sai zuciyarsa ta raya masa cewa ƙofar ba ta kullu ba. Ya koma ya taɓa kwaɗon, hankalinsa ya ɗan kwanta, amma kafin ya tuɓe takalmi shakkar ta dawo. Haka zai yi ta kai da komowa sau 10 ko sau 20, wani lokaci har tsakar dare ta wuce, da safe kuma ya kasa tashi zuwa makaranta. Uban ya yi faɗa har ya gaji, yana ganin neman magana ne kawai. Uwar kuwa tana zargin sammu ko aikin mugayen ruhohi.

Shi yaron ya san sarai ƙofar a kulle take, gama idonsa ya gani, hannunsa ya taɓa. Abin da ya rasa shi ne natsuwar nan da take sauko wa mutum bayan ya gama wani aiki, wadda take ba shi damar ya bar aikin ya kama wani. Wannan natsuwa daga ƙwaƙwalwa take fitowa, a nan ne kuma ciwon yake.

1. Fuskoki Biyu na Ciwon

Fuska ta fari ita ce nacin tunani. Wani tunani, ko hoto, ko shakka, yakan kutso cikin zuciyar mutum ba da sonsa ba, ya tayar masa da hankali, ya kuma ƙi tafiya. Waɗanda aka fi gani su ne tsoron ƙazanta da ƙwayoyin cuta, shakka a kan ko an kulle ƙofa ko an kashe risho, tsoron cutar da wanda ake ƙauna, tunanin batsa ko na saɓo da mutum yake ƙyama, da jin cewa dole kaya su jeru daidai.

Fuska ta biyu ita ce aikin tilas, wato abin da mutum yake maimaitawa domin ya rage wannan tashin hankali, kamar wanke hannu har fata ta tsage, dubawa, ƙidaya, ko tambayar mutanen gida abu ɗaya ba iyaka. Wasu ayyukan tilas a cikin zuciya ake yin su, kamar maimaita wata kalma ko wata addu'a har sai ta fito yadda ake so, don haka ba mai ganinsu.

Tsabta da tsari ba ciwo ba ne. Likita yakan kira abin ciwo idan yana cinye lokaci mai yawa, misali fiye da awa 1 kowace rana, ko yana jawo wahala, ko yana hana karatu, aiki da zaman iyali. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa mutum 1 zuwa 3 cikin 100 za su yi fama da shi a wani lokaci na rayuwarsu. Yakan fara ne a ƙuruciya ko farkon samartaka, yara maza sukan riga mata farawa, ba safai kuma yake somawa bayan shekara 35 ba.

2. Baƙon Tunani Yana Zuwa wa Kowa

A shekarar 1978 masana halin ɗan Adam biyu a Landan, Stanley Rachman da Padmal de Silva, suka tambayi mutane masu lafiya ko mugun tunani yana faɗo musu ba zato. Kusan 8 cikin 10 suka amsa cewa haka ne, kuma abin da yake faɗo musu ya yi kama da na marasa lafiyar ƙwarai. A 2014 Adam Radomsky da abokan aikinsa suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa ɗalibai 777 a ƙasashe 13, suka tarar kimanin kashi 94 cikin 100 sun sami irin wannan baƙon tunani a cikin watanni 3 da suka gabata.

Ashe kenan zuwan tunanin ba shi ne ciwon ba. A wurin yawancin mutane tunanin yakan zo ya wuce, kamar baƙon da ya yi sallama a ƙofa ba a amsa ba. A wurin mai wannan ciwo kuwa ƙwaƙwalwa takan ɗauke shi a matsayin babban hatsari, ta riƙe shi. Ƙoƙarin korarsa da ƙarfi ma yakan ƙara dawo da shi. A 1987 Daniel Wegner ya gwada wannan a Amurka, ya umarci mutane kada su yi tunanin wata farar dabba na ɗan lokaci. Suka kasa, da aka sake musu mara kuma tunanin ya zo musu fiye da waɗanda ba a hana ba tun da fari.

3. Zagayen da Saƙo Yake Bi

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo 1 da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, tana kuma cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake amfani da shi. Waɗannan ƙwayoyi suna aika wa juna saƙo ta hanyoyi tsararru. Hanyar da ta shafi wannan ciwo zagaye ce, tana da zango huɗu.

Zango na ɗaya yana gaban ƙwaƙwalwa, daidai saman gurbin ido. Masana suna kiransa obitofurontal. Aikinsa shi ne auna sakamakon abin da mutum zai yi, da lura idan abu bai tafi yadda aka sa rai ba. Zango na biyu, singulet na gaba, yana ciki kaɗan, a tsakanin ɓarin dama da na hagu. Shi ne mai kama kuskure, yana kuma da hannu a faɗuwar gaban nan da mutum yake ji idan ya tuna ya bar wani abu a kan wuta. Zango na uku, kodet, yana can ciki a cikin wani curin jijiyoyi da yake kula da motsi da sabo. Aikinsa kamar na mai tsaron ƙofar fada ne, yana tace saƙonnin da suka zo, ya bar muhimmi ya wuce, ya tsare maras amfani. Zango na huɗu shi ne talamus, wanda yake karɓar abin da ya wuce ya mai da shi gaban ƙwaƙwalwa domin a ɗauki mataki.

Daga kodet zuwa talamus akwai hanyoyi biyu, ɗaya mai buɗe ƙofa, ɗaya mai rufewa. A mai lafiya suna daidaita juna. Idan ya tuna da ƙofar gida, saƙon ya zaga, ya je ya duba, hanyar rufewa ta yi aikinta, maganar ta mutu. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne cewa a wannan ciwo hanyar buɗewa ta rinjayi ta rufewa. Saƙon cewa akwai matsala ya koma gaban ƙwaƙwalwa, ya sake tashi, ya sake zagayowa, ba mai tsai da shi. Shi ya sa saurayin nan yake ganin kwaɗo a kulle amma jikinsa yana gaya masa aikin bai ƙare ba.

4. Yadda Aka Gano Wannan

Alama ta farko daga wata annoba ta fito. A 1917 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Constantin von Economo, ya bayyana wani kumburin ƙwaƙwalwa mai sa barci, wanda ya bazu a Turai da Amurka har cikin shekarun 1920. Ciwon yana taɓa curin jijiyoyin nan na can ciki, kuma wasu daga cikin waɗanda suka rayu suka soma maimaita motsi da ayyuka ala tilas, abin da ba su taɓa yi ba kafin su kwanta.

Shaida ta biyu ta zo ne da aka ƙera na'urar hoto mai suna PET, wadda take nuna inda ƙwaƙwalwa ta fi cin sukari, wato inda ta fi aiki. A 1987 Lewis Baxter da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis suka nuna cewa zangon saman ido da kodet suna aiki fiye da kima a masu wannan ciwo, ko da suna kwance ba sa yin kome.

Shaida ta uku ta wutar ƙwaƙwalwa ce. Idan mutum ya yi kuskure, singulet yakan saki wani ɗan saƙo cikin kashi 1 bisa 10 na daƙiƙa, ana iya auna shi da wayoyi a fatar kai. A 2000 William Gehring da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan suka tarar wannan saƙo ya fi ƙarfi a masu ciwon. Daga baya aka same shi da ƙarfi har a 'yan'uwansu na jini da ba su da ciwon.

Ya kamata iyali su lura cewa waɗannan bambance-bambance suna fitowa ne idan an kwatanta rukunin marasa lafiya da rukunin masu lafiya. Hoton ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba ya nuna ko yana da ciwon. Likita yana gane shi ta wurin tambaya da sauraro, saboda haka bai kamata iyali su sayar da kadara domin neman hoto ba sai likita ya ga wani dalili dabam.

5. Sinadaran Aika Saƙo

Ƙwayoyin jijiya ba su manne da juna ba, akwai ɗan rata a tsakaninsu. Idan saƙo ya kai ƙarshen ƙwaya ɗaya, sai ta fesa wani sinadari a cikin ratar, ƙwaya ta gaba ta karɓa, sa'an nan ta farkon ta tsotse ragowar domin ta sake amfani da shi. Sinadarai huɗu ne aka fi bincika a wannan ciwo.

Na fari shi ne sirotonin. A 1967 likitoci biyu a Sifen, Fernández Córdoba da López-Ibor, suka ba da rahoto cewa maganin baƙin ciki mai suna kulomifiramin yana rage nacin tunani. Wannan magani yana hana ƙwaya tsotse sirotonin da sauri, sai sinadarin ya daɗe a cikin rata. Da aka kwatanta shi da wani maganin baƙin ciki, desifiramin, wanda ba ya taɓa sirotonin sosai, sai aka ga na biyun bai kai shi amfani ba a wannan ciwo. Daga nan aka soma cewa ciwon ƙarancin sirotonin ne. Bincike bai tabbatar da wannan magana ba. Maganin yana ƙara sirotonin a rata cikin 'yan sa'o'i, amma sauƙi ba ya bayyana sai bayan makonni, abin da yake nuna cewa ƙwayoyin zagayen ne suke sake daidaita kansu a hankali. Babu kuma gwajin jini da zai auna sirotonin na ƙwaƙwalwa, gama kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin da ke jiki a hanji yake.

Na biyu shi ne gulutamet, babban sinadarin da yake zuga ƙwayoyin jijiya. Shi ne yake ɗauke da saƙo daga gaban ƙwaƙwalwa zuwa kodet. Na uku, GABA, shi ne mai taka birki. A 2005 masu bincike a Bangalo ta ƙasar Indiya suka sami gulutamet da yawa a ruwan laka na masu ciwon da ba su soma shan magani ba. A 2007, a Jami'ar Duke ta Amurka, aka cire wa ɓeraye wata ƙwayar gado guda da take gina mahaɗar gulutamet a curin can ciki, sai ɓerayen suka yi ta gyaran gashinsu har suka ji wa fuskokinsu ciwo, da aka ba su maganin sirotonin kuma suka rage. A 2023 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka auna singulet da na'ura mai ƙarfi, suka tarar gulutamet ya yi sama, GABA ya yi ƙasa a masu ciwon, wato zuga ta fi birki.

Na huɗu shi ne dofamin, wanda yake da hannu a motsi, sha'awa da koyon sabo. Kusan 3 cikin 10 na masu wannan ciwo sukan yi fama da fizgar jiki ko ƙiftawar ido ala tilas a wani lokaci, kuma ƙaramin awo na maganin da yake rage aikin dofamin yana taimakon kimanin kashi 1 cikin 3 na waɗanda maganin sirotonin kaɗai bai ishe su ba.

6. Abin da Ya Sa Aikin Tilas Yake Ciyar da Ciwon

Duk lokacin da saurayin nan ya koma ya taɓa kwaɗo, tsoronsa yakan ragu na ɗan lokaci. Ƙwaƙwalwa tana lura da duk abin da ya kawo sauƙi, tana kuma ƙarfafa hanyar da ta kai gare shi. Darasin da take ɗauka shi ne cewa hatsarin gaskiya ne, dubawa ce ta kawar da shi. Gobe saƙon zai zo da ƙarfi fiye da na yau. Abin ya yi kama da susar ƙazwa, daɗin yana nan a lokacin, amma kowace susa tana faɗaɗa gyambon.

A 2014 Claire Gillan da abokan aikinta a Kambirij suka koya wa mutane taka wani ƙarfe domin su kauce wa ɗan jan wuta a wuyan hannu. Bayan an maimaita sosai, aka cire wayar a gaban idonsu. Masu ciwon da yawa suka ci gaba da takawa, alhali sun san ba abin da zai same su. Wannan ya nuna cewa sashen sabo yana iya ƙwace linzami daga sashen da ya san gaskiya. Saboda haka yi wa mai ciwon dogon bayani cewa tsoronsa ba shi da tushe ba ya warkar da shi, gama ya riga kowa sani.

7. Gado da Sauran Dalilai

Binciken tagwaye ya nuna cewa gado yana da kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na abin da yake jawo ciwon, rabonsa ya fi haka idan ciwon ya fara tun ƙuruciya. Ba ƙwayar gado ɗaya ce take kawo shi ba. Wani babban bincike da aka buga a 2025, wanda ya haɗa marasa lafiya fiye da 53,000, ya gano wurare 30 a cikin kayan gado da suke ƙara hatsarin kaɗan kaɗan. Iyaye da yawa masu ciwon suna haifar 'ya'yan da ba su da shi.

Sauran rabon na abubuwan rayuwa ne. Tsananin damuwa, rashi, cin zarafi, ciki da haihuwa duk suna iya tayar da ciwon a wanda yake da saukin kamuwa. Maijego takan sami hoton cutar da jaririnta ya faɗo mata, ta firgita har ta kasa yi masa wanka. Irin wannan uwa tana ƙyamar tunanin, kuma masu wannan ciwo ba a san su da aikata abin da suke tsoro ba. Wannan dabam yake da haukan bayan haihuwa, inda uwa take rikicewa, take jin muryoyi ko take gaskata abin da ba shi ne ba, wanda yake bukatar a kai ta asibiti nan take.

Akwai kuma ciwon maƙogwaro da wata ƙwayar cuta take kawowa, wanda idan ba a yi maganinsa ba yakan jawo zazzaɓin gaɓoɓi mai lalata zuciya. A wasu yara garkuwar jiki takan kai wa curin jijiyoyin can ciki hari bisa kuskure, sai yaron ya soma fizge-fizge, sau da yawa tare da nacin tunani. A 1998 Susan Swedo ta Amurka ta bayyana yara 50 da alamun suka faɗo musu farat ɗaya bayan irin wannan ciwon maƙogwaro. Yaron da ya canza haka cikin 'yan kwanaki bayan zazzaɓi, a hanzarta kai shi wurin likitan yara.

8. Idan Ciwon Ya Shiga Ibada

Wannan ciwo yakan kama abin da mutum ya fi daraja. Uwa mai ƙauna tsoron cutar da ɗanta take yi, mai bi na gaske kuma tunanin saɓo ne yake faɗo masa a tsakiyar sujada, ko shakka a kan ko ya yi zunubin da ba a gafartawa, ko jin cewa addu'arsa ba ta karɓu ba sai ya sake ta daga farko.

Tarihin ikilisiya ya san wannan wahala. Martin Luther, wanda ya shiga gidan sufaye a Erfurt a 1505, yakan yi sa'o'i, wani lokaci har 6, yana furta ƙananan laifofi a gaban malaminsa Johann von Staupitz, ya fita ya tuna wani ya dawo. John Bunyan, a littafin tarihin rayuwarsa mai suna Grace Abounding na 1666, ya ba da labarin yadda tunanin ya sayar da Kristi ya nace masa dare da rana, yana yaƙarsa har da motsin hannu. Ba wanda zai iya yi wa waɗanda suka daɗe da rasuwa awon asibiti, amma likitoci da yawa suna ganin alamun ciwon a cikin abin da suka rubuta. A wata huɗuba da aka buga a 1692, John Moore, bishop na Norwich a Ingila, ya lura cewa irin wannan tunani ya fi damun mutanen kirki, cewa tushensa rashin lafiyar jiki ne, cewa kuma kokawa da shi da ƙarfi tana ƙara shi. Binciken ƙwaƙwalwa na wannan zamani ya goyi bayan abin da ya lura da shi.

A Bishara ta Yohanna sura 9, almajirai sun nemi sanin wanda ya yi zunubi har aka haifi wani mutum makaho, Yesu kuwa bai ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba. Iyali da suke da mai wannan ciwo suna bukatar su yi tunani a kan wannan labari. Tunanin da mutum yake ƙi, yake kuka saboda shi, ba shi ne nufin zuciyarsa ba.

9. Magani Yana Canza Zagayen

Hanyoyi biyu ne aka tabbatar. Ta fari horo ce, wadda Victor Meyer ya soma a wani asibitin Landan a 1966 da marasa lafiya biyu. Ana sa mutum ya fuskanci abin da yake tsoro daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, sa'an nan ya ƙi yin aikin tilas. Saurayin nan zai kulle ƙofa sau 1, ya koma ɗaki, ya zauna da faɗuwar gaban ba tare da ya koma ba. Tsoron zai hau, amma idan aka maimaita kullum, ƙwaƙwalwa za ta koyi cewa ana iya jure shakkar, abin da ake tsoro kuma bai auku ba. Yawanci akan yi zama 12 zuwa 20 da ƙwararre, tare da aikin gida.

Ta biyu ita ce magungunan sirotonin, kamar fuluwosetin, satralin da kulomifiramin. Sukan bukaci awo mafi yawa fiye da na baƙin ciki, da makonni 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci a kan amfaninsu. Kimanin 4 zuwa 6 cikin 10 na masu sha suna samun sauƙi mai ma'ana, akan kuma ci gaba da sha shekara 1 zuwa 2 bayan an ji sauƙi. Likita ne kaɗai zai rubuta su. Kada a saya a kemis bisa shawarar maƙwabci, kada a daina farat ɗaya, a kuma sa ido a kan yara da matasa a makonnin farko, domin wasu kaɗan sukan sami tunanin hallaka kansu.

A 1992 Baxter ya ɗauki hoton marasa lafiya kafin magani da bayansa. Rukuni ɗaya ya sha fuluwosetin, ɗaya ya yi horo ba tare da ƙwaya ba. A dukan rukunonin biyu, waɗanda suka sami sauƙi aikin kodet ɗinsu na dama ya sauka. Wato abin da mutum yake yi da haƙuri kowace rana yana iya sake tsara zagayen kamar yadda ƙwaya take yi. Ga 'yan kaɗan da duk wannan bai yi musu ba, tun 1999 likitoci a Luban ta Beljiyam suka soma dasa siririyar waya a can cikin ƙwaƙwalwa domin daidaita zagayen, amma wannan mataki na ƙarshe ne.

A Nijeriya ana samun likitocin wannan fanni a asibitocin koyarwa na jami'o'i da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Kaduna, Yaba a Legas, Aro a Abeokuta, Inugu da Kalaba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin marasa lafiya.

10. Hakkin Iyali

Saboda ƙauna, mutanen gida sukan shiga cikin ayyukan tilas ba su sani ba. Uwa ta amsa tambaya ɗaya sau 30, miji ya riƙa sayo sabulu katan-katan, ƙanne su tuɓe kaya a bakin ƙofa domin a zauna lafiya. Kowace irin wannan amsa susa ce. Tsawa da duka su ma suna ƙara damuwa, damuwa kuwa tana ƙara wa zagayen wuta.

Hanya mafi kyau ita ce a yi yarjejeniya da mai ciwon a lokacin da hankalinsa yake kwance, da shawarar likita, a rage taimakon kaɗan kaɗan. Idan ya zo da dare ya ce, "Mama, kin tabbata na kulle ƙofar?" uwar tana iya cewa, "Ɗana, na amsa maka sau ɗaya. Wannan ciwon ne yake tambaya. Zo ka zauna kusa da ni har abin ya lafa." Haka ma fasto ko dattijon da mai ciwon yake zuwa wurinsa kullum da shakka ɗaya, ya ba da amsa a fili sau ɗaya, ya yi addu'a tare da shi, ya kuma taimake shi zuwa asibiti. Addu'a da magani ba sa gāba da juna, gama Luka marubucin Bishara shi kansa likita ne. Ba daidai ba ne a sa wa irin wannan mutum dogon azumi ko a hana shi maganinsa da sunan gwada bangaskiya.

Masu wannan ciwo da yawa sukan ɓoye shi shekara da shekaru saboda kunya, baƙin ciki kuma yakan biyo baya. Duk wanda ya soma maganar mutuwa ko gajiya da rai, a kai shi asibiti a ranar. Gidan da ake iya faɗin abin da ke damun mutum ba tare da an yi masa dariya ko an kira shi mai aljanu ba, a nan ne ake gane ciwon da wuri, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin nacin tunani da aikin tilas? A kawo misali ɗaya na kowanne.
2. Waɗanne zanguna huɗu ne saƙo yake bi, kuma wanne ne mai tace saƙonni?
3. Me ya sa ba daidai ba ne a ce ciwon ƙarancin sirotonin ne kawai?
4. Ta yaya amsa tambaya ɗaya sau da yawa take ƙara wa ciwon ƙarfi?
5. Idan wani a cikin ikilisiya ya bayyana cewa tunanin saɓo yana damunsa a lokacin sujada, waɗanne matakai ne ya kamata iyalinsa da shugabanni su ɗauka?